Yadda zaka je fatsa a dam ka huta, ko ka kama kifi ko baka kama ba

Tun da mutane suka san ina zuwa fatsa a bakin dam ranakun hutu tambayoyi basu yanke ba, me zan saya, nawa zan kashe, a ina ake zama, wai ba a korar mutum, sai kuma wadda tafi kowacce yawa: to idan ka wuni baka kama komai ba fa? Bari in fara da wannan ta ƙarshen domin ita ce take gyara sauran. Masunci yana shiga ruwa ne don ya ciyar da gidansa, kai kuma zaka je ne don kanka ya sauka daga hayaniyar gari da ƙarar janareto da kiran waya, don haka duk shirin da zan lissafa a nan an yi shi ne yadda ranar zata yi maka daɗi ko da ƙugiyarka bata taɓa bakin kifi ba. In an samu kifi kuma alhamdulillahi, ƙari ne.

1. Zaɓi ruwa da lokaci

Kada ka fara da wuri mai nisa. Ruwan da zaka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya ba tare da tuƙin dare ba shi ne naka. Ga mutanen Kano akwai Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Bako, ga Bagauda kusa da shi, ga Challawa a Karaye, ga Watari a Bagwai, ga Thomas ta wajen Dambatta. Na Katsina suna da Zobe a Dutsin-Ma, na Misau suna da tafkin Maladumba, 'yan uwanmu na Maraɗi kuma ga tafkin Madarunfa nan kusa da su. Ni dai Tiga na fi sabawa da shi saboda faɗinsa da duwatsun da ke gefe, mutum zai samu lungun da babu mai damunsa.

Lokaci biyu ne kifi yafi cin ƙoto, daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa dab da magariba. Tsakar rana yawanci shiru ne, kifin ya koma can ƙasa ko inuwa. Da hunturu ruwa yayi sanyi karfasa bata cika ci da sassafe ba, gara ka bari rana ta ɗan ɗaga. Farkon damina kuma tarwaɗa na yawo sosai zuwa gefe inda sabon ruwa ke shigowa.

Gargaɗi: kafin ka kama hanya ka tambayi mutumin yankin halin tsaro na wannan satin, ba na bara ba. Wasu madatsun suna kusa da dazukan da yanzu ba a shiga, kuma hutu bai kai a sayar da rai a kansa ba. Sannan ka faɗa wa wani a gida inda zaka da lokacin da zaka dawo.

2. Fara gaida masu ruwan

Wannan matakin mutanen birni suke tsallakewa kuma shi ne yake jawo musu matsala. Kusan duk ruwan da ake su a cikinsa yana da sarkin ruwa ko wani babba da masunta ke saurara, kuma ruwan da kake gani kamar ba na kowa ba a ƙarƙashinsa akwai ragar wani, akwai gurar wani, wato tarkon kifi, akwai doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da wani ya shimfiɗa tun jiya. Ka je inda suke ajiye kwale-kwale kayi sallama, kace ranka ya daɗe ni baƙo ne fatsa nazo yi ta nishaɗi da sanda ɗaya, ina ne ba zan takura muku ba. Ɗan goro ko wani abin shan ruwa in ka miƙa ba laifi bane, amma gaisuwar tafi kuɗin muhimmanci. Su ne zasu gaya maka inda ƙasa ke zaftarewa, inda akwai rami, inda aka ga maciji ko kada, kuma sau da yawa wani dattijo zai nuna maka da hannu yace zauna can wajen kututturen nan.

Gargaɗi: kada ka zauna jikin ginin madatsar kanta ko wajen ƙofofin sakin ruwa, akwai ma'aikata kuma galibi an hana. Haka manyan magudanan siminti da ke kai ruwan Tiga gonakin Kadawa da Kura, gefensu santsi ne kuma ruwan yana gudu fiye da yadda ido ke gani, wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

3. Kayan aiki da abin da zasu ci maka

Ba sai ka sayi sandar kanti mai injin naɗe zare ba. Tana da kyau, tana jefa ƙugiya nesa, amma ga sabon shiga rabin yininsa zai ƙare ne wajen warware zaren da ya cukurkuɗe. Fara da wannan:

Sandar gora siririya busasshiya, tsawon kamar mita 3, mai ɗan lanƙwasa a kai. Zaren roba fari na masunta, matsakaici, ƙulli ɗaya zai daɗe maka. Ƙugiyoyi kamar goma, ka haɗa ƙanana da matsakaita, kuma ka sani a lambar ƙugiya idan lamba ta hau ƙugiyar ƙanƙancewa take, wato lamba 12 tafi lamba 6 ƙanƙanta. Wajen 10 zuwa 12 sun dace da karfasa don bakinta ƙarami ne, 4 zuwa 6 kuma na tarwaɗa. Ka zaɓi masu huda a kai, sun fi sauƙin ɗaurawa a kan masu faffaɗan kai. Sai 'yar darma da zata ja ƙugiya ƙasa, da guntun tsohon silifas ko totuwar kara wanda zai riƙa yawo a saman ruwa ya zame maka alama. Ƙara da bokiti, ƙaramar filaya, wuƙa ko reza, da tsumma.

Duk wannan in ka haɗa a kasuwar ƙauyen da ke kusa da ruwa da wuya ya kai kuɗin kilo ɗaya na nama, sandar kanti ita ce zata ninka haka sau da yawa. Gaskiya abin da ke cin kuɗi a tafiyar nan mai ne ko kuɗin mota, shi ya sa ku haɗu ku biyu ko uku ku raba yafi, amma ka zaɓi abokan da suka iya yin shiru.

Kayan jin daɗin zaman kuwa kada ka raina su don su ne ainihin tafiyar: tabarma ko 'yar kujera mai naɗewa, malfa, ruwan sha mai yawa da na alwala daga gida, buta, sallaya, shayi a fulas, abinci mara nauyi, takalmi rufaffe, da leda ta zuba shara.

4. Ƙoto

Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce uwa, kusan kowane kifi yana cinta. Ka tona da yamma kafin ranar tafiya a wuri mai danshi, gindin ayaba ko gefen lambu ko bayan inda ake wanke-wanke, ka zuba su a gwangwani da ƙasarsu mai laima ka huda murfin ka ajiye a inuwa. Da rani in tana tayi wuya akwai gara, akwai fara, akwai hanjin kaza wanda tarwaɗa ke so saboda ƙarninsa. Na karfasa kuma zaka iya kwaɓa fulawa da ɗan garin ƙuli-ƙuli tayi tauri yadda in ka mulmula ƙanƙani zata zauna a ƙugiya.

Ka tafi da dusa kamar gwangwani biyu, zamu zo kan amfaninta.

Kuskuren da aka fi yi: barin gwangwanin tana a rana ko a cikin but ɗin mota. Kafin ka iso sun mutu sun narke, kuma matacciyar tana bata motsi, motsin nan kuwa shi ke kiran kifi.

5. Ɗaura kayan tun a gida

Kayi wannan da daddare a zaune cikin haske, ba a bakin ruwa ba da iska na kaɗa zare. Yanke zare daidai tsawon sandar ko ya ɗan gaza kaɗan, in ya fi ta tsawo zaka sha wahalar ɗago kifi. Ɗaure shi a kan sandar amma ka fara naɗo shi daga ɗan ƙasa da tsinin, saboda in kan gorar ya karye zaren bai tafi da kifin ba. Soka guntun silifas ɗin a zaren yadda zai iya hawa da sauka in ka ja shi da hannu amma ba zai zame da kansa ba. Sai ƙugiya: zura zaren ta hudar, murɗa shi a jikin kansa sau biyar ko shida, dawo da bakin ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da hudar, jiƙa ƙullin da miyau sannan ka ja a hankali har ya zauna, ka yanke abin da ya yi saura. Matse darmar kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya. Ja ƙullin da ƙarfi ka gwada, gara ya kwance a ɗakinka.

Gargaɗi: in ka gama ka soke bakin ƙugiyar a cikin guntun silifas ɗin, kada ka barta tana lilo, musamman gidan da akwai yara.

6. Wurin zama a bakin ruwa

In ka iso kada ka yi saurin jefawa. Ɗan zaga tukuna ka duba. Kifi baya son fili fetal, yana son gefen ciyawa, gindin dutse, kututturen bishiyar da ruwa ya cinye, da bakin inda wani rafi ke shigowa. Kai kuma kana son inuwa da busasshiyar ƙasa mai ƙarfi da iska a bayanka. Inda waɗannan biyun suka haɗu nan ne wurinka, in kuma basu haɗu ba ni shawarata ka zaɓi inuwar, don wanda rana ta gasa tun ƙarfe goma ba zai ji daɗin komai ba ko ya cika bokiti. Ka nisanci mashayar shanu da inda ake wanki da wanka, ruwan a dame yake kuma zaka takura wa mata.

Buga ciyawar wurin da sanda kafin ka shimfiɗa tabarma, maciji ma yana son inuwar da kake so. Zauna yadda inuwarka ba zata faɗa kan ruwa ba, ka rage buga ƙafa, kifi yana jin motsin ƙasa.

Gargaɗi babba: kada ka shiga ruwan, ko don ciro ƙugiya da ta maƙale, ko don wanke ƙafa. Na farko akwai tsargiya, ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa da ke zama a irin wannan kwantaccen ruwa mai ciyawa kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Na biyu ƙasan dam ba kamar ta rafi bace, taku biyu ruwa na gwiwa na uku kuma rami. Ruwa na cin gwani balle baƙo. In ƙugiya ta maƙale ka tsinka zaren ka ɗaura wata, ai shi ya sa ka sayi goma. Kwale-kwale ma ban baka shawara ba a farkon zuwa, in kuma dole ne sai da rigar kariya kuma kada ka hau wanda aka cika, mutanen Bagwai basu manta da jirgin da ya kife a ruwan Watari a 2021 ba, rayuka da yawa suka tafi har da yara 'yan makarantar Islamiyya, Allah Ya jiƙansu.

7. Auna zurfi, zuba dusa, jefa

Kafin ka sa ƙoto ka jefa ƙugiyar haka nan ka ga yadda alamar ta zauna. In ta kwanta a gicciye zare ya saki, darma ta taɓa ƙasa kenan, sai ka riƙa matso da alamar ƙasa kaɗan kaɗan har ta tsaya daidai. Tarwaɗa da kurungu a ƙasa suke kiwo don haka ka bar ƙoton dab da ƙasa, karfasa kuma ka ɗaga shi zuwa tsakiyar ruwa.

Jiƙa dusar ka dunƙula kamar ƙwai guda biyu ko uku ka jefa daidai inda zaka riƙa sa ƙugiya. Kada ka juye duka, so kake ka tara su ba ka ƙosar da su ba. Sa tana ta rufe ƙugiyar ka bar wutsiyarta tana motsi, sannan ka lilo zaren gaba a hankali ya sauka ba tare da fantsama ba. Ba a buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Duba bayanka kafin kowace jifa, ƙugiya a kunnen aboki ko a reshen bishiya duk daga rashin waiwaye ne.

8. Zaman

Toh nan ne abin da ya kawo ka. Kafa 'yar sanda mai baki biyu a gabanka ka ɗora gorar a kai, ka taka gindinta ko ka danne da dutse, hannunka ya huta. Saka waya a silent ka jefa ta can ƙasan jaka, in ba haka ba wallahi jikinka ne kawai a Tiga hankalinka yana kasuwa. Minti ashirin na farko zaka ji kamar ka tashi, tunanin bashi da na aiki da maganar da wani ya faɗa maka shekaranjiya duk zasu taso, ka barsu su zo su wuce idonka na kan alamar nan kawai. Can zaka lura numfashinka ya sauka, kunnenka ya fara rarrabe sautuka, ƙarar ruwa a jikin dutse daban, bugun filafilin wani masunci can nesa daban, ga balbela na takawa a gefe ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ga ƙananan kifaye sun taru kan dusar da ka zuba suna ɗan huda saman ruwa, mazari ya zo ya sauka a kan tsinin gorarka ya zauna abinsa don ya ɗauka reshe ne. Wasu suna jan carbi a wannan lokacin, wasu suna bitar karatunsu a zuci, wasu kuma ba sa komai, duk daidai ne.

Kada ka riƙa ɗago ƙugiya kowane minti biyu. Bari ta yi kamar kwata na awa sannan ka duba ko an cinye ƙoton. In awa guda ta wuce babu ko taɓawa, canza zurfi tukuna, in bai yi ba canza ƙoto, sai a ƙarshe ka canza wuri, kuma sau ɗaya ko biyu ya isa, wanda ke yawo da tabarma daga nan zuwa can duk yini bai huta ba kuma bai yi fatsa ba. Lokacin azahar ka fitar da ƙugiyar gaba ɗaya kayi sallah a natse ka ci abinci ka ɗan miƙe, daman kifin ma baya ci a lokacin.

Ban yarda da kunna waƙa a sifika a bakin ruwa ba, kuma in ka je da yara ka sani ranar tasu ce ba taka ba, idonka a kansu zai kasance ba a kan alama ba, don haka ka ware musu tafiya daban da babba ɗaya ga kowane yaro.

Gargaɗi: da damina in ka ga hadari ya haɗo ko ka ji tsawa, kwantar da sandar ka bar bakin ruwa nan take, kada kuma ka fake ƙarƙashin bishiya guda tilo. Mutum a fili riƙe da doguwar sanda yana cikin haɗarin aradu sosai.

9. In ya ci

Alamar zata fara rawa kaɗan kaɗan, wannan ƙanana ne ke tsakura ko babba ke ɗanɗanawa, kada ka ja. Jira har ta nutse ko ta fara tafiya gefe, sannan ka ɗaga sandar da wuyan hannu, ɗagawa ɗaya mai kaifi amma gajera. Sabon shiga yakan fizga da duk ƙarfinsa, sai ko dai ya yage bakin kifin ko ƙugiya ta taso ta nufo fuskarsa. In ƙarami ne ɗago shi kawai. In ka ji nauyi kada ka ɗaga shi sama, riƙe sandar a tsaye zaren a miƙe ka bar gorar ta lanƙwasa tana shanye fizgarsa har ya gaji, sai ka jawo shi ta gefe zuwa kan ƙasa.

10. Cire ƙugiya, da wanda zaka mayar

Jiƙa tsumma ka riƙe kifin da shi. Karfasa tana da ƙayoyi a gadon baya, shafo su daga kai zuwa baya su kwanta sannan ka damƙe. Tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya mai tauri a gefen kai, na kurungu har da ta baya, kuma sukarsu tana da zafi tana kumbura, don haka ka kama daga bayan ƙayoyin ka ciro ƙugiya da filaya. In ka ga wani mai taushin jiki mai ɗigo-ɗigo mara ƙaya a baya, mai kauri kamar an hura shi, kada ka taɓa da hannu, minjirya ce tana jan mutum kamar wutar lantarki, yanke zaren kawai.

Duk wanda bai kai tafin hannunka ba ka mayar da shi a hankali, haka karfasar da ka ga ƙwai ko 'ya'ya a bakinta, don a baki uwar take renonsu. Wanda zaka ci ka sa a bokiti da ruwa a inuwa kana canza ruwan. In ƙugiya ta shige naman hannunka har ta wuce ɗan ƙarin da ke bakinta mai hana ta fita kada ka fizge, ka nufi asibiti mafi kusa a cire a duba maganar allurar tetanus.

11. Tashi

Fara naɗe kaya tun rana bata faɗi ba, sauro na fitowa da magariba kuma hanyoyin bakin dam basu da daɗi cikin duhu. Tsince duk guntun zare da ƙugiya da leda, zaren roba baya ruɓewa yana naɗe ƙafar tsuntsu da ta akuya, ƙugiya kuma yaran da ke zuwa ɗiban ruwa ba takalmi zata samu. Sauran tana ka juye a ƙasa mai danshi. Koma ka yi wa masuntan sallama ka gode musu, gobe in ka dawo kai ba baƙo bane.

In bokiti babu komai kuma kana son shiga gida da kifi, ga su nan suna fitowa da sabo da yamma, saya a hannunsu, yawanci yafi na cikin gari sauƙi kuma ka san na yau ne, sai dai ka duba cikin kunnen ja ne idon kuma garau. Wanda ka kama ko ka saya ka fede shi ka cire kayan ciki kafin doguwar tafiya, in akwai ƙanƙara a kula ka saka. A gida ka wanke ƙugiyoyi ka shanya su bushe kafin ka rufe a kwalba don kada su yi tsatsa, gorar kuma ka kwantar da ita a inuwa a miƙe. In kuma ruwan ya taɓa jikinka sosai, daga baya ka ga jini a fitsari ko zazzaɓin da ka rasa kansa, ka je asibiti ka gaya musu ka yi mu'amala da ruwan dam a gwada tsargiya, tana da magani.